Tarihin Kamfanin Beyer, Peacock da Baƙon da Ya Kafa Shi

Dattawanmu da suka yi zamani da jirgin ƙasa mai cin kwal ba za su manta da ƙugin kan jirgi da baƙin hayaƙinsa ba, lokacin da gyaɗa da auduga da fatu ke gangarawa Ikko daga Kano. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda ake ƙera waɗannan kawunan jirage. Ɗaya daga cikin manyan maƙerunsu shi ne kamfanin Beyer, Peacock da ke unguwar Gorton a birnin Mancesta na ƙasar Ingila. Sau biyu arzikin wannan kamfani yana zuwa ta hannun baƙon da aka so a sallama daga bakin ƙofa.

Baƙo na farko shi ne wanda ya kafa shi, Charles Beyer. An haife shi a 1813 a garin Plauen na yankin Saksoni, cikin ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa masaƙi ne, talaka. Yaron ya nuna basira wajen zane, har ya samu shiga makarantar koyon fasaha ta Dresden, daga nan hukuma ta tura shi Ingila ya duba injunan saƙa ya kawo rahoto. Abin da ya gani ya hana shi zama a gida. A 1834 ya koma Mancesta yana ɗan shekara 21, Turancinsa bai nuna ba, ya nemi aiki a kamfanin Sharp, Roberts. An ce mai kamfanin ya so ya sallame shi da ɗan kuɗin mota, domin a lokacin ana zargin baƙi da satar sirrin sana'a. Beyer ya ƙi karɓa, ya nuna aiki ya zo nema. Wannan ƙin karɓar ne ya sa aka ɗauke shi a matsayin ƙaramin mai zane, a kan albashi ɗan kaɗan.

Kusan shekara ashirin ya yi a nan, ya tashi daga mai zane har ya zama shi ne ke tsara kawunan jiragen kamfanin. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Ingila a 1847. Amma duk da haka bai samu hannun jari a gidan da ya yi wa bauta ba, sai ya ajiye aiki a 1853.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1854 Beyer ya haɗa gwiwa da Richard Peacock, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen kawunan jirage na wani kamfanin reluwe a Mancesta, ya kuma san masu saye ciki da waje. Na ukunsu Henry Robertson, mutumin Sikotilan, shi ya kawo jarin da ya tsayar da ginin. Beyer ya tsara masana'antar da kansa ta yadda za a iya faɗaɗa ta ba tare da an rushe abin da aka riga aka gina ba. Kan jirgi na farko ya fito a 1855. Ba a jima ba suka fara sayarwa Suwidin da Holan da Indiya, kuma a 1864 su suka ƙera wa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan kawuna masu mayar da tururinsu cikin tankin ruwa, don kada fasinjoji su shaƙe a cikin rami.

Beyer bai taɓa aure ba. Da ya rasu a 1876, ya bar wa Kwalejin Owens wasiyyar sama da fam 100,000, kwalejin da ta zama Jami'ar Mancesta. Har yau akwai gini da kujerar farfesan lissafi masu ɗauke da sunansa a can. Ɗan masaƙin da karatu ya fitar daga talauci ya san inda ya kamata dukiyarsa ta koma.

Baƙo na biyu ya zo ne bayan shekara talatin da rasuwar na farko, kuma a nan ne labarin ya taɓo mu. Herbert Garratt injiniya ne Baturen Ingila da ya ƙare ƙuruciyarsa a reluwen ƙasashen waje. Ya yi Ajantina, sannan tsakanin 1900 da 1906 ya yi Kyuba da Ikko da Lima ta ƙasar Peru. Ko'ina ya je matsalar ɗaya ce: an shimfiɗa dogo da araha, ƙarfen siriri, gadoji marasa ƙarfi, ga kwana ga hawa. Ƙaramin kan jirgi ba ya jan kaya, babba kuma dogon ba ya ɗaukarsa. Dabarar da ya yi wa rajista a 1907 ita ce a raba kan jirgi uku. Inji ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, wani a baya ɗauke da kwal, tukunyar tururi kuma a rataye a tsakaninsu kamar gada, kowane gefe yana juyawa a kan ƙusarsa. Da haka nauyi ya watsu a kan ƙafafu masu yawa, jirgi ya iya shan kwana, kuma tun da babu ƙafa a ƙarƙashin tukunyar, sai a yi mata murhu mai faɗi yadda ake so. Direba ɗaya da ɗan wuta ɗaya suka riƙa yin aikin kawuna biyu.

Wani kamfani ya fara duba zanen ya ƙi. Beyer, Peacock suka karɓa, masu zanensu suka gyara shi, aka ƙera biyu na farko a 1909 domin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. Garratt kansa bai ci moriyar abin sosai ba, domin ya rasu a 1913. Kamfanin kuwa ya ƙera sama da 1,000 irin wannan, akasarinsu aka kawo Afirka. Reluwen Nijeriya, wanda dogonsa ya iso Kano a 1911, ya sayi nasa a shekarun 1930. Mafi shahara su ne guda 34 da aka fara kai wa Gabashin Afirka a 1955, kowanne ya haura tan 250, suna hawa da kaya daga Mombasa zuwa Nairobi a kan dogon da faɗinsa mita ɗaya ne kacal.

A ganina, wannan nasara ce ta sa kamfanin ya makara. Yana ta kyautata tururi alhali masu saye sun fara juyawa ga dizal, wanda ba ya bukatar tsayawa shan ruwa ko kwana ana hura wuta. Sun ƙera Garratt na ƙarshe a 1958. Sun gwada dizal, har suka yi wa reluwen Ingila guda 101 tsakanin 1961 da 1964, amma ciniki bai ɗore ba. A 1966 aka rufe masana'antar Gorton, bayan ta fitar da kawunan jirage kusan 8,000 cikin shekara 112.

Garratt na farko da aka kai Tasmaniya kuwa, kamfanin ya sake sayensa a 1947 ya dawo da shi Gorton ya ajiye. Da aka rufe masana'antar, masu kula da wani tsohon layin dogo a yankin Wales suka saye shi, aka gyara shi, ya koma jan fasinjoji yana dab da cika shekara ɗari da ƙerawa.