Kukan Shagwaɓa: Jiya da Yau

'Yar'uwa uwargida, wace ce a cikinmu yaro bai taɓa riƙe mata zane yana "uhm-uhm" ba, ga tukunya a kan murhu, ga maigida na hanya? Ba ciwo, ba yunwa, sai naci. Ni dai da na bi diddigin yadda iyayenmu na Kaugama da sauran ƙasar Haɗejiya suka yi da wannan rigima, sai na tarar ba fin mu haƙuri suka yi ba. Hannuwa suka fi mu yawa.

A da, gidan gandu ake zaune. Kaka na nan, kishiya na nan, matan 'yan'uwan miji na nan, ga 'yar yarinya mai goyo. Yaro ya fara fitina, wata ta saɓe shi a baya ta yi waje. Ɗan fari kuwa uwarsa kunyarsa take ji, ko sunansa ba ta faɗi, don haka rarrashinsa aikin wasu ne.

Rigimar takan tsananta lokacin yaye, wajen shekara biyu. Sai a shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai yaro gidan kaka, a haɗa shi da kunu da rubutun malam. Kaka ba ta da nonon da za a yi wa kuka, dole ya haƙura. Ku dubi Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, littafin ya fito a 1954: ba ta taɓa haihuwa ba, amma 'ya'yan dangi ta riƙe ta raina. Ashe "ɗa na kowa ne" aiki ne, ba zance kawai ba.

To amma fa ba duka na da ne abin koyi ba. "Yi shiru ga Dodo nan!" yakan rufe bakin yaro, ya bar masa tsoron duhu. Raba shi da uwa dare ɗaya kuma wani yaron har ramewa yake yi.

Yau gandu ya watse, amarya na ɗakinta ita kaɗai. Gurbin kaka sai biskit da alewa suka maye, daga baya waya ta shigo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaron da ya gane kuka ne ke kawo waya, wallahi gobe ma sai ya yi.

Shawarata ita ce: fara duba yunwa, barci da zazzaɓi. In babu, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, "Faɗa min da baki, ba na jin kuka." Ya faɗa, ki saurara, ki yaba. In kin ce a'a, ki tsaya a kai, ba duka ba zagi. Yaye kuma a yi shi sannu-sannu. Sannan kada ki ji nauyin miƙa shi ga kaka, maƙwabciya ko babansa ki huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.