Ruwan da Ya Bar Mana Kanwa da Gishiri

'Yan uwa, tunda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya sa ana ta tuna tsofaffin fatake, bari mu wuce su, mu duba asalin kayan da suka yi ta safara: kantun Bilma da kanwar Manga.

Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Tudun rairayin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce, direbobinmu na hawansa kullum ba su sani ba. Masana ƙasa sun gano haka ne daga laka da bawon katantanwa da farar ƙasa mai kamar alli ta kwarin Bodele. Sinadarin kabon yana faɗa musu shekarun bawon, oksijin ɗin cikinsa kuma yana nuna ko a ruwan daɗi ya rayu ko a wanda rana ta ƙafar har ya yi zartsi.

Abin mamaki, babu kogin da ke fita daga Cadi, amma ruwansa na daɗi ne. Dalili kuwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin rairayi ɗauke da gishirinsa, ya ɓullo a kwaruruwan Kanem, rana ta shanye shi, kanwa ta daskare. A Manga, wajen Maine-Soroa, ruwan ƙasa ne ke yin wannan aiki. Turawa sun yi ta kiranta fotash, alhali sodiyam ne a cikinta, ba ta da haɗi da fotash ɗin takin zamani.

A Bilma da Fashi rami ake haƙawa, ruwan zartsi ya taru, a bar wa rana sauran aiki. Beza ta tafi tukunyar miya, kantu ya tafi wa dabbobi. Ayarin Abzinawa kan ratsa Tenere da kaka ɗauke da gero, ya dawo da gishiri da dabino. Irinsa Baturen nan Barth ya bi zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen 1850.

Inda ya shafe mu a yau: kanwa sai ruwan ƙasa yana kusa take fitowa. Idan ya nutsa, ko rairayi ya binne kwari, kamar yadda yake yi a yankin Gudumariya, ramin ya mutu ke nan. Gishirin teku mai aidin ya riga ya ƙwace wa beza kasuwar birane, amma makiyayi har gobe kantu da kanwa yake tambaya.