Daga Kududdufin Kuza zuwa Akwatin Gilashi: Tarihin Kiwon Kifi a Jos

Unguwar Abatuwa ta cikin Jos da nama aka san ta, domin a kewayen mayankar gari ta tashi, kuma tun kafin rana ta fito ake hada-hadar mahauta da 'yan kamasho da masu ɗaukar kaya a kanta. Amma wanda ya yi haƙuri ya ratsa kasuwar har gefenta zai tarar da wani ciniki wanda kakanninmu da suka fara hawa wannan dutse ba su san irinsa ba, wato cinikin kifi mai rai. Ga tarwada baƙa wuluk a cikin baho, ruwan bai kai rabin kamu ba, sun haɗa kai suna motsa gashin baki, can sai ɗaya ta ɗago ta haɗiyi iska ta koma, har mai saye ya nuna wadda yake so a cafko ta da hannu ta bayan kai, a kiyayi ƙayar da ke gefenta. Abin da ya cancanci a yi tambaya a kansa shi ne yadda garin da ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, wanda babu wani babban kogi da ya ratsa shi, ya zama wurin da ake sayen kifi yana numfashi.

A al'adar ƙasar Hausa ta dauri, kifi ba abin kiwo ba ne, abin kamu ne. Sarkawa da Kabawa da sauran masunta sun ɗauke shi arzikin da Allah Maɗaukaki ya ajiye a cikin ruwa, iyakar abin da ke kan ɗan Adam shi ne ya san lokaci, ya tanadi koma da gora da mali, ya kuma kiyaye dokar Sarkin Ruwa wanda ke hana su a wani gurbi har kifi ya girma. Wannan tsari ne ya haifi bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara can. To, da Turawa suka buɗe haƙar kuza a kan dutsen Jos a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914, Hausawa suka yi ta kwararowa, waɗansu leburori, waɗansu fatake, waɗansu mahauta da dillalan shanu, sai suka tarar da ƙasar da ke da sanyi da dankali da acca, amma ba ta da kifin kirki. Wanda ya yi marmarinsa sai ya jira banda daga tafkin Chadi ko busasshen kifi daga Binuwai, wanda kafin ya iso ya sha hayaƙi da ƙura da tafiya.

Haƙar kuza ta bar wa ƙasar ɗaruruwan ramuka waɗanda ruwan sama ya cika, kuma a cikinsu ne mutane suka fara ganin cewa ruwan da ke tsaye yana iya riƙe kifi shekara da shekaru, ko da yake zurfinsu ya sa jan taru a cikinsu abu ne mai wuya da haɗari. Amma kiwo na haƙiƙa, wanda aka gina bisa ilmi da lissafi, a Panyam ya soma, cikin ƙasar Mwaghavul ta wajen Mangu, inda gwamnatin zamanin Turawa ta kafa gonar kifi a 1951, a fili mai faɗin fiye da hekta 300, kuma har yau duk mai rubuta tarihin kiwon kifi a Nijeriya da sunan Panyam yake farawa. Masu gonar sun lura cewa karfasa ba ta jin daɗin sanyin dutse, girmanta yakan tsaya idan hunturu ya kama, saboda haka a 1954 aka kawo kifin kaf daga ƙasar Ostiriya, wanda ya saba da sanyi tun asalinsa, ya kuwa karɓi wurin ya hayayyafa. A nan ne mutanenmu suka fara koyon abin da ni a ganina shi ne jigon sana'ar baki ɗaya, wato mai kiwon kifi ruwa yake kiwo tukuna: ya san zafinsa da sanyinsa, ya san lokacin zuba masa taki don ƙananan halittun da kifi ke ci su yaɗu, ya san ranar da zai zubar da shi ya shanya ƙasan tafkin. Gonar ta yi shekarun ɗaukaka, ta kuma yi shekarun da ciyawa ta rufe tafkunanta, abin da ke sosa ran duk wanda ya san matsayinta.

Tarwada ce ta fitar da sana'ar daga hannun gwamnati ta kai ta bayan gidajen talakawa. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 masana, musamman na ƙasar Holan, suka kyautata dabarar yi wa macen allura don ta saki ƙwai a duk lokacin da aka so, a matse shi a kwano, a haɗa da ruwan namiji, a ƙyanƙyashe dubban 'ya'ya a ɗaki guda. Da yake kuma Mahalicci ya ba wannan kifi wata gaɓa a bayan kai da yake shaƙar iska da ita, sai ya zama yana jure cunkoso da gurɓataccen ruwan da zai kashe waninsa cikin dare ɗaya. Da haka tankin siminti da na roba da na tamfol suka bazu, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen noman wannan kifi, bahon Abatuwa kuma ya cika. Sai dai haƙurin tarwada ya koya wa da yawa daga cikinmu sakaci, har muka ɗauka kowane abin ruwa haka yake yafiya.

Wannan zato ne nake jin tsoronsa yanzu da wani sabon marmari ya shigo, na ajiye kifi a akwatin gilashi don ado, irin wanda ake gani a otal-otal da falon masu hali, har matasa masu kallon bidiyo a waya sun fara sha'awar kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara, wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003, tare da furen tekun da yake kwana a cikinsa. Al'adar tana da tsohon tarihi: mutanen Sin sun yi kiwon jan kifi don ado tun zamanin daular Song, an buɗe ɗakin kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan a 1853, kuma kafin wannan, a 1828, wani masani ɗan Sikotlan, Sir John Dalyell, ya ɗauko furen teku daga gaɓar North Berwick ya sa a tulun gilashi, yana canza masa ruwan teku yana ba shi 'yar tsoka, halittar kuwa ta rayu har 1887, shekara 36 bayan rasuwar mai ita, hannu yana miƙa ta ga hannu.

A cikin wannan shekara ta 1828 ne masanan Jamus Rüppell da Leuckart suka bayyana nau'in furen tekun da ake kira Entacmaea quadricolor daga Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na ƙafa suke hayewa a da daga Suwakin zuwa Jidda, watakila ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashin jirginsu ba. Ga ido fure ne, alhali dabba ce: tana manne ƙafarta a cikin tsagar dutse, ta baza yatsu masu laushi waɗanda kan kowannensu ke kumbura kamar nonon akuya, a cikinsu kuwa akwai dafin da ke shanye ƙaramin kifi. A 1868 Cuthbert Collingwood ya ba da labarin kifin da ya gani a tekun Borneo yana shiga irin waɗannan yatsu yana fita lafiya, daga baya aka gane cewa yauƙin jikinsa ne ke kare shi. Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, shi yana samun mafaka yana kuma korar masu cizon yatsunta, kashinsa kuma taki ne ga ƙwayoyin gansakukar da ke zaune a cikin naman furen, waɗanda ke sarrafa hasken rana su ciyar da shi. Daga nau'in furen teku fiye da 1,000, kimanin 10 kaɗai ke saukar da wannan baƙo, Entacmaea quadricolor kuwa ya fi kowanne yawan irin kifin da yake karɓa, ya kuma fi su jure zaman gilashi, har idan ya ji daɗi yakan tsage ya zama biyu.

Amma sharuɗɗansa masu nauyi ne. Masu kiwonsa ba su sa shi sai akwatin ya yi wata shida ko fiye yana aiki ruwan ya daidaita. Ana haɗa ruwan ne da tataccen ruwa da gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, ba gishirin miya ba. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 25 da 27 dare da rana. Ga fitila mai ƙarfi ta sa'o'i masu yawa kullum, ga famfo mai kaɗa ruwa wanda dole a rufe bakinsa da raga, domin idan wurin bai yi wa furen ba sai ya saki dutse ya yi ta yawo har injin ya tsotse shi ya niƙe, ruwan ya lalace, kifin ma ya bi shi. Idan haske ya gaza ko zafi ya yi yawa sai ya zubar da gansakukarsa ya yi fari fat, wanda jahilin abin zai ɗauka kyau ne, alhali yunwa ce. Duk wanda ya kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin dare ke saukowa kusa da digiri 10, ya kuma san halin wutar lantarkinmu, ya san cewa dare ɗaya babu na'urar ɗumama ruwa ya isa ya kawo ƙarshen al'amarin.

Malamanmu na fiƙihu ba su hana ajiye dabba don sha'awa ba, matuƙar an ba ta haƙƙinta na ci da sha da mazauni, kuma kowane almajiri ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba. Saboda haka ina roƙon ɗan'uwana mai wannan sha'awa a Jos, idan ba shi da wutar sola da batirin da za su riƙe akwatin dare da rana, ya bar furen teku a tekunsa. Kifin Nemo da aka ƙyanƙyashe a gona yana rayuwa har ya yi ƙwai ba tare da furen ba, wanda kuma bai taɓa kiwon ruwa ba ya fara da kifin ruwan daɗi, ya je ya zauna da masu tankin tarwada da tsofaffin ma'aikatan Panyam ya koyi aikin daga tushe.