Ƙarfen Da Ya Rage A Jebba: Labarin Jirgin Dayspring

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa bakin kogin Kwara.

A shekarar 1857 wani ɗan kasuwar Birtaniya, Macgregor Laird, ya turo ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da tururi, sunansa Dayspring, domin ya buɗe hanyar ciniki a kogin. Jagoran tafiyar shi ne likita William Baikie, wanda a 1854 ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. A cikin Dayspring har da Samuel Ajayi Crowther, da wani hafsan sojan ruwa, John Glover.

Jirgi ya haura har ƙasar Nupe lafiya lau. Sai a watan Oktoba, kusa da dutsen Jebba, inda ruwa ke da ƙarfin gaske, ya yi karo da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashi, ya fashe. Mutanen suka tsira da ransu, suka kafa bukkoki a gaɓa. Nan suka zauna kusan shekara guda kafin jirgin Sunbeam ya iso a 1858.

To, ka ji inda ƙaddara ta yi aikinta. Baikie bai koma gida ba. Ya sauka a mahaɗar Kwara da Binuwai, ya kafa zangon ciniki a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya taka zuwa Kano a 1862. Glover kuwa, a zaman jiran ne ya san hanyar ƙasa zuwa Ikko. A 1863 ya tara Hausawa a can, galibi bayin da suka tsere, ya kafa rundunar da sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Lakwaja ɗin nan kuma a nan Lugard ya ɗaga tutar Ingila a 1900.

Shi kuwa jirgin, kogi ya cinye shi. Abin da aka tsamo daga baya, farfela da guntayen inji, aka girke su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Fasinjoji nawa suka wuce ta gabansu, suna ganin tsohon ƙarfe ne mai tsatsa kawai? Alhali wasu daga cikin mutanen da wannan ƙarfe ya ɗauko, su suka share wa Turawa hanyar shigowa ƙasarmu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.