Kamun Ƙafa a Gwamnatin Tarayyar Amurka

Kamun ƙafa a gwamnatin tarayyar Amurka shi ne tuntuɓar 'yan majalisar dokoki da ma'aikatansu da manyan jami'an ɓangaren zartarwa domin a shawo kansu su kafa wata doka, ko su gyara ta, ko su jingine ta, ko kuma su ware kuɗi ga wani aiki. A can sana'a ce halastacciya da ake biyan lada a kanta, kuma doka ta wajabta wa masu yin ta su yi rajista, su bayyana wanda ya ɗauke su aiki da abin da ya biya su. Kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne suka fi zuba kuɗi a harkar, amma birane da gundumomi da jami'o'i da asibitoci da hukumomin sufuri su ma suna da wakilansu a Washington. Cibiyar OpenSecrets, wadda ke tattara rahotannin da ake miƙa wa majalisa, ta lissafa cewa kuɗin da aka kashe a 2023 ya haura dala biliyan 4, masu rajista kuma sun zarce 12,000.

Suna da tushe

Turawa na kiran aikin "lobi", kalmar da asalinta ke nufin zaure, wato wurin da baƙo ke jira kafin ya ga maigida. A zaurukan majalisu ne masu buƙata ke tsare wakilai suna gabatar da kokensu. Akwai labarin da ya yaɗu cewa Shugaba Ulysses Grant ne ya ƙirƙiro sunan saboda masu damun sa a zauren otal ɗin Willard da ke Washington, sai dai kalmar ta riga mulkinsa shiga bakin jama'a da shekaru masu yawa. Yau idan an ce "Titin K", sunan wani titi a tsakiyar birnin inda ofisoshin irin waɗannan kamfanoni suka taɓa yin cincirindo, to sana'ar baki ɗaya ake nufi.

Gyara na farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya tabbatar wa jama'a 'yancin kai kuka ga gwamnati. A kan wannan 'yanci sana'ar ta jingina, shi ya sa majalisa ba ta taɓa haramta ta ba. Abin da dokoki suka fi mayar da hankali a kai shi ne tilasta a bayyana wa jama'a wanda ya biya, da nawa ya biya, da abin da yake nema.

Yadda aikin yake

Majalisar Wakilai na da kujeru 435, ta Dattawa kuma 100, amma galibin aikin doka a kwamitoci ake gama shi. Saboda haka mai kamun ƙafa ya fi zama da ma'aikatan kwamiti da masu ba ɗan majalisa shawara fiye da shi ɗan majalisar. Yakan kawo musu alƙaluma da taƙaitaccen bayani, ya nuna yadda wani sashe na ƙuduri zai shafi ayyukan yi a mazaɓarsu, wani lokaci ma ya kawo daftarin kalmomin da yake so a saka. Ofisoshin 'yan majalisa ba su da ma'aikata isassu da za su ƙware a kan haraji da magunguna da jiragen sama da ruwan sha a lokaci guda, don haka wanda ya zo da bayani sahihi a kan kari yakan samu kunnen sauraro. Jarinsa shi ne sanin mutane da riƙe amana, domin wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya da wuya a sake buɗe masa ƙofa.

Aikin na bin kalandar kasafin kuɗi. Shekarar kuɗi ta tarayya na farawa ranar 1 ga Oktoba. Doka ta tsara shugaban ƙasa ya gabatar da nasa ƙiyasin a farkon Fabrairu, daga nan ƙananan kwamitoci 12 a kowace majalisa su tsara ƙudurorin kashe kuɗi. A watannin farko na shekara ne magadan gari da shugabannin kamfanoni ke tururuwa zuwa Washington, wakilinsu ya tsara musu ganawa ofis bayan ofis.

Ba a majalisa kaɗai ake yi ba. Bayan an sa wa doka hannu, ma'aikatu ne ke rubuta ƙa'idojin aiwatar da ita, kuma dokar tsarin gudanarwa ta 1946 ta wajabta musu wallafa daftari su saurari ra'ayin jama'a. Sau da yawa abin da ɓangare ya rasa a majalisa a nan yake ƙoƙarin maido da shi.

Wasu kamfanoni da manyan birane na da ma'aikatansu na dindindin a Washington. Wasu kuma hayar kamfanin kamun ƙafa ko na lauyoyi suke yi, ana biyan sa wata-wata. Hanya ta uku ita ce shiga ƙungiya, a haɗa kuɗi a yi magana da murya ɗaya.

Birane

A tsarin Amurka birni ƙarƙashin jiha yake, kuma tsarin mulkin tarayya ko ambaton sa bai yi ba. Alaƙar kai tsaye tsakanin birane da Washington ta yi ƙarfi ne a lokacin gagarumar karayar tattalin arziki. A 1932 magajin garin Detroit, Frank Murphy, ya tara takwarorinsa domin neman agaji ga ɗimbin marasa aikin yi, kuma a shekarar majalisa ta amince da dala miliyan 300 na rancen agaji. Daga wannan taro Ƙungiyar Magadan Gari ta Amurka ta samo asali, wadda ke wakiltar biranen da ke da mutum 30,000 zuwa sama. Kafin ita akwai ƙungiyar birane ta ƙasa da aka kafa a 1924, sai ta gundumomi da ta biyo baya a 1935.

Buƙatun birane sun kasu gida uku. Na farko kuɗi ne: tallafin hanyoyi da motocin haya da jiragen ƙasa, da filayen jiragen sama, da ruwan sha, da gidaje, da shirin raya unguwanni da aka kafa a 1974. Wani tallafin bisa ma'auni ake raba shi, kamar yawan jama'a da yawan talakawa, don haka ja-in-ja a kan yadda za a tsara ma'aunin take. Wani kuma gasa ake yi, birni ya rubuta takardar nema, wakilinsa ya bi sawu a ma'aikata. Na biyu shi ne kare kai daga umarnin da tarayya ke ɗora wa birane ba tare da ta ba su kuɗin cika shi ba. Koken jihohi da birane a kan wannan ne ya haifar da dokar 1995 da ta sa dole a ƙiyasta nauyin irin wannan umarni kafin a zartar. Na uku shi ne kare rangwamen haraji a kan takardun lamunin da birane ke sayarwa don gina makarantu da gadoji, domin rangwamen ne ke sa su sami bashi da ruwa mai sauƙi.

Annobar korona ta nuna tasirin wannan aiki. Dokar agaji ta Maris 2020 ta ba da kuɗi kai tsaye ga ƙananan hukumomin da mutanensu suka haura 500,000 kaɗai, sauran kuwa sai abin da jiha ta ga dama ta miƙo musu. Ƙungiyoyin birane suka yi ta matsa lamba, kuma dokar agaji ta 2021, wadda ta ware dala biliyan 350 ga jihohi da ƙananan hukumomi da yankuna da gwamnatocin ƙabilun asali, ta tanadi kaso ga manya da ƙananan garuruwa. Wani nazari da Rebecca Goldstein da Hye Young You suka wallafa a 2017 ya gano cewa birnin da ra'ayin siyasarsa ya saɓa da na jiharsa ya fi saurin neman wakili a Washington.

Kamfanoni

Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ta kafu a 1895, Cibiyar Kasuwanci ta Amurka kuma a 1912. Sai dai bunƙasar da ake gani yau ta faro ne daga shekarun 1970, bayan an kafa sababbin hukumomin kula da muhalli da lafiyar ma'aikata da kare masu sayen kaya. A 1971 lauya Lewis Powell, wanda ba da jimawa ba ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya rubuta wa Cibiyar Kasuwanci takarda yana kira ga 'yan kasuwa su shirya su shiga fagen siyasa gadan-gadan. A 1972 shugabannin manyan kamfanoni suka kafa Business Roundtable. Daga nan kamfanoni da yawa suka buɗe ofisoshi a Washington.

Abubuwan da suke bi sun haɗa da haraji, da kuɗin fito, da kwangilolin gwamnati musamman na tsaro, da ƙa'idojin da suka shafi sana'arsu. Masu haɗa magunguna da kayan asibiti sun daɗe suna kan gaba wajen kashe kuɗi, sai kamfanonin inshora da na fasaha da na mai da gas. Dokar haraji ta 2017, wadda ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari, ta jawo dubban masu kamun ƙafa. A wannan dokar ce birane suka tsira da rangwamen takardun lamuninsu, amma suka rasa damar sabunta tsohon bashi tun kafin wa'adinsa ba tare da haraji ba. Kamfanoni ba koyaushe bakinsu ke zama ɗaya ba: kuɗin fiton da ke kare mai narka ƙarfe shi ne ke tsawwala wa mai ƙera mota.

Kason mazaɓu

Wani fage da ya haɗa birane da masu kamun ƙafa shi ne kuɗin da ɗan majalisa ke saƙalawa a kasafi da sunan takamaiman aiki a mazaɓarsa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Gerald Cassidy ya samo wa Jami'ar Tufts kuɗin gina cibiyar binciken abinci mai gina jiki ta wannan hanya, wasu kuwa suka bi sahu. Lamarin ya yi ƙamari har zuwa 2005, lokacin da aka ware kusan dala miliyan 223 don gadar da za ta haɗa garin Ketchikan na Alaska da wani tsibiri mai mutane ƙalilan, abin da ya jawo surutu a faɗin ƙasar. An dakatar da tsarin a 2011, aka dawo da shi a 2021 da sharuɗɗa: kada jimillarsa ta wuce kashi 1 cikin ɗari na kuɗin da majalisa ke rabawa duk shekara, kada a bai wa kamfanin neman riba, kuma ɗan majalisa ya wallafa buƙatarsa a intanet tare da shaida cewa ba shi da wata moriya a ciki.

Dokoki

Wata doka ta 1938 ta wajabta rajista ga masu yi wa gwamnatoci da jam'iyyun ƙasashen waje aiki, kuma har yau a ƙarƙashinta ake bayyana kwangilolin da gwamnatocin ƙetare, har da na Afirka, ke ƙullawa da kamfanonin Washington. Dokar farko da ta shafi kamun ƙafa na cikin gida ta zo a 1946, amma hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 ya taƙaita ta ga waɗanda babban aikinsu shi ne tuntuɓar 'yan majalisa kai tsaye, sai da yawa suka sulale.

Dokar kamun ƙafa ta 1995 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ce ginshiƙin tsarin yanzu. A wurinta mai kamun ƙafa shi ne wanda ake biya, ya tuntuɓi jami'ai fiye da sau ɗaya, kuma aikin ya cinye aƙalla kashi 20 cikin ɗari na lokacin da yake bai wa wanda ya ɗauke shi. Ana rajista wurin Sakataren Majalisar Dattawa da Akawun Majalisar Wakilai cikin kwana 45. Magajin garin da ya zo da kansa a matsayin jami'in gwamnati ba ya buƙatar rajista, amma kamfanin da birninsa ya ɗauka haya dole ya yi. Wata doka ta 1989 ta hana amfani da kuɗin tarayya wajen kamun ƙafa don neman kwangila ko tallafin tarayya, kuma tun 1993 kamfani ba ya iya cire kuɗin kamun ƙafa daga ribar da ake caje shi haraji a kai.

Badaƙalar wani mai kamun ƙafa, Jack Abramoff, ce ta kawo gyara na gaba. A Janairun 2006 ya amsa laifin zamba da kauce wa haraji da haɗa baki wajen bai wa jami'ai toshiyar baki, bayan ya karɓi maƙudan kuɗi daga ƙabilun asali masu gidajen caca. Ɗan majalisa Bob Ney na Ohio ma ya tafi gidan yari. Dokar 2007 ta mayar da rahoto duk bayan wata uku, ta tsaurara hani a kan kyauta da tafiye-tafiye, ta ɗaga tara zuwa dala 200,000, ta kuma tanadi ɗauri har na shekara 5. Tsohon sanata sai ya jira shekara 2 kafin ya yi kamun ƙafa a majalisa, tsohon ɗan Majalisar Wakilai kuma shekara 1.

Muhawara

Masu kare sana'ar na cewa gwamnatin da ke yanke hukunci a kan dukiyar mutane dole ta ji daga bakinsu, kuma ƙaramin garin da ba shi da ƙwararru ba zai gane kan ɗaruruwan shirye-shiryen tallafi ba sai da ɗan jagora. Masu suka na cewa mai kuɗi ne ake ji, domin abin da kamfanoni ke kashewa ya ninka na birane da ƙungiyoyin ƙwadago sau da yawa, kuma ko a tsakanin birane mai wadata ne ke iya ɗaukar wakili. Suna nuni da tsofaffin 'yan majalisa da ma'aikatansu da ke komawa kamfanonin kamun ƙafa suna cin moriyar sanayyar da suka yi a bakin aiki, da kuma waɗanda ke kiran kansu masu ba da shawara don su tsaya ƙasa da kashi 20 su kauce wa rajista. Game da birane akwai ƙarin ƙorafi cewa kuɗin haraji ake kashewa don neman wani kuɗin harajin, kuma a jihar Texas an sha gabatar da ƙudurin hana ƙananan hukumomi hayar masu kamun ƙafa.

Hukumar binciken kuɗi ta majalisa na duba rahotannin duk shekara, ofishin lauyan gwamnati na gundumar Washington kuma shi ke da alhakin gurfanar da masu saɓawa. Gurfanarwar ba ta da yawa. Sai a 2020 aka fara tuhumar wani da laifin ƙin rajista da gangan a ƙarƙashin dokar kamun ƙafa ta 1995, kuma wanda ya amsa laifin shi ne Abramoff.

A wasu ƙasashe

Kanada ta fara aiki da dokar rajistar masu kamun ƙafa a 1989. Tarayyar Turai ta buɗe rajistar haɗin gwiwa tsakanin hukumarta da majalisarta a 2011, Birtaniya kuma ta kafa tata dokar a 2014, wadda ta shafi masu yi wa wasu aiki a kan lada kawai, ta bar ma'aikatan da kamfanoni ke ajiyewa a cikin gida.