Madarunfa a Ƙafa: Tafki, Kushewun Waliyyai da Kifin Bakin Ruwa

Idan ka bar Maraɗi ka nufi kudu, wajen Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya za ta kai ka Madarunfa. Mai mota ko ɗan kabu-kabu zai sauke ka cikin gari. To, daga nan ka sallame shi, domin Madarunfa ba ta buɗe wa mai gaggawa ƙofa. Ba ta da ganuwa irin ta Kano, ba ta da hasumiya irin Gobarau ta Katsina. Tarihinta yana kwance ne a bakin ruwa, a gindin itatuwa, da cikin kwanon abinci, kuma duk waɗannan sai mai tafiya a ƙasa ke ganin su.

Ka fara da sassafe, bayan sallar asuba, ka gangara tafki. Ruwan Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi ne ke cika shi, kuma idan damina ta yi albarka yakan shimfiɗu har kimanin hekta 800, sa'annan ya yi ta janyewa har bazara. A ƙasar da yawancin tafkunanta ke ƙafewa kafin watan Maris, ruwan da ke kaiwa wata damina babbar dukiya ce. Shi ya sa aka shigar da shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A wannan lokacin za ka tarar masunta suna dawowa da kwale-kwale, ƙafafun wando a naɗe, suna zazzage taru. Tarwaɗa na mutsu-mutsu a gindin jirgi, karfasa na ƙyalli, balbelu sun jeru a gefe suna jiran rabonsu. Mata masu suya sun riga sun iso da kwanoninsu, ana ciniki da dala-dala, ba mai ɗaga murya sosai, don kowa ya san kowa.

Daga bakin ruwa sai ka bi ƴar turbar da ke zagaya tafkin. Nan ne abin da ya fitar da sunan garin: kushewun waliyyai 99, kamar yadda mutanen ƙasar suka gada daga kakanni. Adadin ya yi daidai da kyawawan sunayen Allah, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin wurin a zukatan jama'a. Kada ka sa ran ganin ƙubba ko gini mai ado. Alamu ne masu sauƙi, a warwatse, wasu ma sai ɗan gari ya nuna maka. Masu ziyara kan zo daga Nijar da Najeriya, su yi sallama, su yi addu'a, su ba da sadaka. Malamai sun saɓa a kan wasu al'adun ziyara, kuma a Maraɗi wannan muhawara ba baƙuwa ba ce. Amma wanda ya yarda da wanda bai yarda ba duk sun haɗu a kan cewa wurin gadon tarihi ne. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa sunan tafkin, da dajin da aka keɓe kusa da shi, da kushewun, cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su. Tsohon birnin Agadas ya samu wannan shiga a 2013. Madarunfa na nan tana jira.

Wanda zai fahimci dalilin da ya sa Bakatsine ke jin kamar gida ya zo idan ya iso nan, sai ya koma farkon ƙarni na 19. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi ƙarƙashin Umarun Dallaji. Gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, ya yi ta yawo har Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya kafa sabon gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai wannan gadon. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Kwarin Gulbin Maraɗi, mai duhun daji a wancan zamani, shi ne garkuwar masu hijira, kuma ta cikinsa mayaƙan Maraɗi, irin na zamanin Sarki Ɗan Baskore, suka riƙa kai hari ƙasar Katsina. Ƙasar Madarunfa tana tsakanin Katsina biyu, ta ga wucewar dawakin yaƙi, ta ga wucewar jakunan fatake.

Sai Turawa suka zo da nasu rabon. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Faransa da na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari wa yana ƙasar Faransa, ƙane yana ƙasar Ingila. Gulbi kuwa bai san da wannan ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake ce masa Gada, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Shi ne ya yi ambaliyar 1945 wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi, har aka tashi aka koma kan tudu. Yau kuma ƙarancinsa ake kuka da shi, tun da aka datse shi da madatsar Jibiya. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, amma manomin fadama ba takarda yake dubawa ba, rijiyarsa yake leƙawa.

Mu dawo bakin tafki. Kafin nan rana ta take, ciki ya fara kira. Ka koma wajen masu suya. Za ka ga Inna ta tsaga karfasa gefe da gefe, ta shafe ta da gishiri, ta sake ta cikin man gyaɗa mai tafasa. Idan ta yi ja sai ta tsamo ta, ta barbaɗa yaji, ta miƙo maka a takarda. Ka ce, “Sannu da aiki, Inna,” ka samu inuwa ka zauna, ka ci da hannu kana tsince ƙaya. Man nan ma yana da tarihi. Gyaɗa ce ta ɗaga Maraɗi a zamanin mulkin mallaka da farkon ƴancin kai, da ita manyan alhazan birni suka fara tara jari, kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta. Abin da ya rage a hannun mata shi ne matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, kuma ba su sake shi ba.

Ƙuli-ƙulin nan shi ke ɗaure kwaɗon zogale. Gundumar Madarunfa, musamman lambunan Jiratawa da Sarkin Yamma, ta yi suna wajen noman zogale, ana loda shi buhu-buhu zuwa birane. A dafa ganyen, a matse, a zuba dakakken ƙuli, da albasa, da tumatir, da ɗan barkono. Wata ta haɗa shi da dambu. In ƙishi ya taso, ga ƴar Fulani da ƙwaryarta, ta dama maka fura, wadda a bakin mutanen nan hura ce, da nono mai tsami. Duba kwanonka da kyau: kifi daga tafki, zogale daga fadama, gero daga jigawa, nono daga ruga. Taswirar ƙasar ce gaba ɗaya a gabanka.

Da la'asar ka shiga dajin da ke kusa da tafkin, inda kuka da tsamiya da kanya ke tsaye tun kafin a haifi kakanninmu. Nan damuwata take. Idan aka sare itace, ruwan sama kan kwaso yashi ya zuba a tafki, tafki ya cike, kifi ya ragu. Matsalar ƴan bindiga a ƙauyukan bakin iyaka, wajen dajin Baban Rafi, ta kuma sa baƙi ɗari-ɗari. Amma maganin farko a gida yake. Manoman jihar Maraɗi ne suka koya wa duniya sassaben zamani tun shekarun 1980, wato barin tohon itace ya girma a gona maimakon a tumɓuke shi. Hannun da ya mayar da gawo gonaki zai iya tsare bakin tafki.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgi ya fara gudu, matafiya za su riƙa keta ƙasar nan cikin ƙiftawar ido. Ina roƙon malaman makaranta da iyaye su riga jirgin: su ɗauki yara su zagaya tafkin a ƙafa, dattijo ya nuna musu kushewun ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai, sa'annan a zauna a ci kifi tare. Yaron da ya taka wurin da sawunsa, ya ɗanɗana shi da harshensa, ba zai tsaya yana kallo a cike shi da yashi ba.