Wa Ke Hawa Kan Soro? Tarihin Gyaran Gida a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Wanda ya bar Kano ya miƙa yamma ta hanyar Gwarzo, ya wuce Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo, in ya lura da gidajen bakin titi zai ga zamani uku a jikin gida guda: katangar ƙasa, rufin kwano a bisanta, da farantin sola da aka ɗaure a kan kwanon. Kowannensu ya zo ne da alkawarin hutar da maigida daga wata wahala, kowanne kuma ya cika wani ɓangare na alkawarin. Abin da ya fi sauyawa a tsakaninsu shi ne wanda ya iya gyara, da nisan da ake tafiya kafin a samo kayan gyaran.

Gidan ƙasa ba a taɓa gama gina shi. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a cura tubali, a shanya a rana, a jera, a yaɓe. Rufi kuwa na azara ne, wato gungumen giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta ci da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa ɗakunan talakawa suka kasance ƙanana, manyan soraye kuma sai an nemo gwanin da ya iya bakan gizo. Daga ranar da aka rufe ɗaki, ruwan sama ya fara cin sa, don haka gyara yana da lokacinsa a shekara kamar shuka da girbi. Da bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza kan hau soro su tuge ciyawa, su toshe tsaga, su yashe indararo, su ƙara yaɓe a gefen da ruwa ya fi duka. In aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, a kira gayya. Mata kuma su ne masu daɓe, da madaɓansu da waƙoƙinsu.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kai shi ne maganin ruwan da magabata suka samo. Mai ƙaramin ƙarfi yana da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a shafe bango ko daɓe da ita. Mai hali yana da laso. Laso haɗi ne na katsi, da gashin awaki, da dafara. Katsi shi ne gurbin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a kwashe shi, a busar, a ƙona, a daka. Gashin kuwa daga wurin majema yake fitowa, bayan sun kankare fata. Wato ke nan rufin attajiri ya dogara ne ga sharar sana'o'i biyu da ke cikin gari. Da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban masana'anta a 1897, yadin Turai kuma ya cika kasuwanni, sai karofin ƙauyukan Kano suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru masu yawa. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina laso. Katsi ne ya yi wuya, masu haɗa shi suka tsufa ba magada.

Kada dai a yi wa wancan zamani ado fiye da kima. Duk wanda ya kwana a ɗakin soro cikin markar watan Agusta ya san daren da ake jera ƙwarya da tasa a ƙarƙashin yoyo, ana janye tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani lokaci kuma rufin da ya sha ruwa ya yi nauyi yakan rufto kan masu barci. Mutane ba don son yayi kaɗai suka rungumi kwano ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano kuma ya fara bayyana a kan kantuna da gine-ginen gwamnati a birni. Ya daɗe bai zama kayan karkara ba. Kuɗin gyaɗa da auduga sun sa wasu sun rufa ɗaki ɗaya ɗaya, amma yaɗuwar gaske ta biyo bayan arzikin man fetur da kuɗin Udoji na 1975. A wannan shekarar ce ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas. A Arewa, masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979.

Kwano ya kawar da hawan soro na shekara-shekara, wannan nasara ce ta gaske. Ya kawo nasa ciwon kai: zafin bazara da ke mai da ɗaki tanda in babu silin, ramin ƙusa da ke buɗewa ya fara ɗiga, da iskar farkon damina da kan yaye rufi ɗungurungum ta jefa shi gidan maƙwabci. Duwatsu da bulon da ake ɗorawa a kan kwano shaida ce ta wannan. Mafi ban takaici shi ne shafen siminti a jikin bangon ƙasa. Da farko sai ka ga bango sumul, maigida ya ce ya rabu da yaɓe har abada. Amma siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai, kuma laimar da ke tasowa daga gindin bango ba ta samun hanyar fita. Sai ta taru a bayan shafen, ƙasa ta yi laushi, gara ta sami rufin asiri, wata rana shafen ya ɓallo falle guda. A ganina babu gyaran da ya cinye kuɗin mutane a banza kamar wannan. Kuma yanzu kayan aikin ba a kududdufin bayan gari suke ba. Sai an je shago, in abin ya yi yawa a hau mota zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa.

Lantarki ya ƙara nisan. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a Nuwamba 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO, amma har yau "nefa" ake ce mata. Magidancin da kakansa ya san kowace azara a rufinsa ba shi da ta cewa kan ƙarfin wutar da ke shigo masa. Ta zo da rauni, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Ta zo da ƙarfi, ta ƙona talabijin. Taransifoma ta lalace, unguwa ta shiga karo-karo. A nan ne wani sabon gwani ya fito, mai gyara na bakin kasuwa, wanda ke sake naɗa wa fanka waya, ya canja mata kafasita, ta tashi da kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Ƙaramin janareta ya ɗan rufa asiri, har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki.

Tun daga nan sola ta ƙara yawa a kan rufuna, daga mai faranti ɗaya na cajin waya da ƙwai biyu zuwa mai inbata da firji. Ita ma tana da sharuɗɗanta. Batirin ruwa ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, in an yi haka ba ya daɗewa. Da hunturu kuma ƙura kan lulluɓe farantin, wuta ta ragu, maigida ya fara zargin batir ko wanda ya haɗa masa, har ya kira shi a waya da faɗa. Sau da yawa amsar da ake ba shi ita ce ya sa a jingina tsani da sassafe, kafin kwano ya yi zafi, yaro ya hau da tsumma da ruwa a buta, yana taka layin ƙusa don kada kwanon ya lotsa.